Uraniyom ɗin da bai taɓa bi ta Dogon Dutsi ba



Makon jiya, saura minti uku mu rufe shiri, wani bawan Allah ya kira daga Kore Mai Ruwa. Tambayarsa ita ce: wai da gaske ne sunan Nijar yana cikin dalilan da Amurka ta kawo ta faɗa ma Iraƙi da yaƙi a 2003, ko kuwa zancen fada ne na masu shan shayi? Na ce mishi da gaske ne, sai lokaci ya cinye mu. Na yi alkawarin zan rubuta, ga shi na cika. Da ɗan tsawo, ku aza shayi tukuna.

Abin da ya fito da labarin ga fili wata al'ada ce ta Turawa. Ɗan leƙen asiri ko jakada in ya aje aiki, sai ya zauna ya rubuta tarihin aikinsa, a buga, a kai kasuwa. Biyu daga cikin irin waɗanga littattafai miji da mata ne sunka rubuta su. Na mijin, Joseph Wilson, tsohon jakadan Amurka, ya fito a 2004. Na matar, Valerie Plame, wadda ta yi wajen shekara 20 tana yi ma hukumar leƙen asirin Amurka CIA aiki a ɓoye, ya fito a 2007. Na yi fama da su da ɗan Ingilishin da na koya a lise, ƙamus a gefe. Ƙasarmu ce sanadin littattafan duka biyu. Amma kafin mu buɗe su mu fara daga bakin kwaltarmu, don daga nan mutum ya fi saurin ganin inda ƙaryar ta yi rauni.

Duk wanda ya tashi a Dutsi ko Kore Mai Ruwa ko Bolbol a shekarun 1990 da 2000 ya san ayarin manyan kamiyo da ke gangarowa a jere da rakiyar masu kaki. Muna yara muna lakwal, mu dai mun san ana ce musu motocin Arlit. Abin da ke ciki garin uraniyom ne, an ɗura shi cikin tano na ƙarfe an rufe. Kamfani biyu ke haƙo shi a lokacin: Somair a Arlit, wanda ya fara fitar da kaya a 1971, da Cominak a Akuta, wanda ya fara a 1978, anka rufe shi a watan Maris na 2021. Hanyar kayan a lokacin guda ce: Arlit, Agadas, Tawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, a ƙetare gada zuwa Malanbil, a kai Paraku, daga can jirgin ƙasa ya sauke shi tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Tafiyar kusan kilomita 2,000. Kamfanin Faransa Cogema, wanda ya koma Areva daga baya, yau kuma Orano, shi ke riƙe da ragamar ma'adinan biyu a lokacin, a Cominak kuma akwai hannun jarin Japan da Sipaniya. Abin da ƙasar ke fitarwa gaba ɗaya a wajajen shekarar 2000 kimanin tan 3,000 ne a shekara, kuma an san masu saye tun kafin kayan ya bar Arlit. Ku riƙe wanga lissafi, za mu dawo kansa.

A watan Fabrairu na 1999 wani baƙo ya sauka Yamai. Sunansa Wissam al-Zahawi, jakadan Iraƙi a fadar Paparoma ta Vatikan. Iraƙi tana cikin takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, Saddam Husaini yana neman shugabannin da za su yarda su kai mishi ziyara Bagadaza ko ya samu sauƙin wariyar da anka yi mishi. Zahawi ya zaga Nijar, Burkina Faso, Benin da Kongo Barazabil da takardar gayyata. Wanda ya karɓe shi a Yamai ɗan Arewa ne, shugaban ƙasa Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, ɗan asalin Dumega, wanda ya yi dogarin Seini Kunce, ya riƙe rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, daga baya ya karɓi mulki ran 27 ga Janairu 1996. A faɗar Zahawi, wadda ya maimaita har gaban masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya, maganar uraniyom ba ta taso ba ko sau guda, kuma Ba'are ya amsa gayyatar. Allah bai nufe shi da zuwa ba. Ran Juma'a 9 ga Afrilu 1999 askarawan da ke tsaronsa sunka bindige shi a filin jirgin sama na Yamai, anka kawo gawarsa Dumega anka rufe, Kwamanda Dauda Malam Wanke ya hau mulki. Allah ya jiƙan musulmi.

Wagga ziyara ita ce ƙwayar gaskiya ta farko da ke cikin labarin. Ta biyu ita ce, a 1981 da 1982, zamanin Kunce, Nijar ta taɓa sayar ma Iraƙi uraniyom. Wannan tsohon ciniki ne, kuma bayan yaƙin 1991 masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA, sun ƙidaya kayan sun sa mishi hatimi. To amma gwanin maƙaryaci ba ya gini a kan iska, yakan nemi ɗan dutsen gaskiya ya aza harsashi.

Daga nan labari ya ƙaura birnin Rum na Italiya, inda Nijar take da ɗan ƙaramin ofishin jakadanci. A hutun sabuwar shekara ta 2001 ɓarayi sunka fasa shi. Ba su ɗauki wani abin kirki ba, sai agogo, turare, da takardu masu tambarin ƙasa da hatimai. Masu bincike da yawa suna danganta wagga sata da abin da ya biyo baya, ko da yake kotu ba ta taɓa yanke hukunci a kai ba. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne wasu takardu da sunka fara yawo a hannun wani ɗan Italiya, Rocco Martino, tsohon ɗan rahoton hukumar leƙen asirin sojan ƙasarsa, SISMI, wanda sana'arsa ta koma tallar asiri ga duk mai biya. Takardun suna cewa gwamnatin Tanja Mamadu ta ƙulla yarjejeniya da Iraƙi a shekarar 2000 za ta ba ta uraniyom tan 500. Gwamnatin Italiya ta musanta cewa da hannunta a ƙirƙirar takardun, amma jaridun Italiya da na Amurka sun bankaɗo cewa daga Rum ne labarin ya fara isa CIA, a watan Oktoba na 2001, wata guda bayan harin 11 ga Satumba, lokacin da duk Washinton ke a firgice.

A watan Fabrairu na 2002 mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya ga rahoton, ya nemi ƙarin bayani. Tambayar ta gangaro har sashen da Valerie Plame ke aiki, sashen hana yaɗuwar manyan makamai. Anka rasa wa za a tura Yamai. Ita ta ce wani abokin aikinta ne ya kawo sunan mijinta, ita kuma anka sa ta rubuta bayanin sanin da ya yi ma ƙasar; abokan gabarsu a majalisar dattawa sunka ce a'a, ita ta kawo shi. Ko ma dai wace ce gaskiya, mutumin ba baƙo ba ne a nan. Yamai ce wurin aikinsa na farko, daga 1976 zuwa 1978. Ya yi jakada a Gabon, ya riƙe harkokin Afirka a fadar shugaba Clinton, kuma shi ne jami'in jakadancin Amurka na ƙarshe da ya zauna da Saddam, a watan Agusta na 1990. Yana jin Faransanci, ya san ministocinmu da sunansu. Bai karɓi ladan aiki ba, kuɗin tafiya kawai anka biya.

Ya sauka Yamai ƙarshen Fabrairu 2002, ya yi kwana takwas. Shi da kansa ya ce yawancinsu a shan shayi da hira sunka tafi, daga baya ma abokan gaba sunka riƙa yi mishi ba'a da shayin nan. Ni kuwa dariya ta kama ni da na karanta, don duk ɗan Nijar ya san labarin gaske a kofi na biyu da na uku yake fita. Ya ga tsofaffin ministoci, ya ga mutanen da ke harkar ma'adinai. Abin da ya gano shi ne abin da direban kamiyo na tashar Dutsi zai iya gaya mishi kyauta. Tan 500 kashi ɗaya ne cikin shida na abin da ƙasar ke haƙowa a shekara. In ka ce kowace mota tana ɗaukar tan 25, mota 20 ke nan cur. Ta ina za su bi? Kayan yana hannun kamfanin da Faransawa ke tafiyarwa, cinikin gwamnati kuma sai da sa hannun ministan ma'adinai da firaminista, ƙila har da shugaban ƙasa. A ƙasar da in sufurefe ya sake mota da safe, kafin azahar an sani a kasuwa, yaya za a ɓatar da mota 20 na uraniyom ba wanda ya ji?

Abu guda ya kawo wanda anka juya daga baya. Tsohon firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya gaya mishi cewa a watan Yuni na 1999 wani ɗan kasuwa ya matsa mishi ya ga wasu wakilan Iraƙi a kan faɗaɗa ciniki. Mayaki ya yi zaton ƙila uraniyom suke nufi, don haka ya kauce ma zancen, tun da Iraƙi tana cikin takunkumi. Wilson ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ba a yi komi ba. Wasu masu nazari a Washinton sunka ɗauke shi a matsayin shaidar cewa Iraƙi ta nema. Magana guda, kunne biyu.

Kuma ba shi kaɗai ya duba ba. Jakadiyar Amurka a Yamai ta lokacin, Barbro Owens-Kirkpatrick, ta aika rahoton shakku. Wani janar mai tauraro huɗu, Carlton Fulford, ya zo a watan Fabrairun nan ya ga Tanja, ya koma da gamsuwa cewa kayan yana a tsare. Faransawa, masu ma'adinan, sun duba, kuma Alain Chouet, wani tsohon babba a hukumar leƙen asirinsu DGSE, ya faɗa ma jaridu a 2005 cewa sun gaya ma Amurkawa babu komi. Har wata ƴar jaridar Italiya, Elisabetta Burba ta mujallar Panorama, wadda Martino ya so ya sayar ma takardun a watan Oktoba na 2002, ta hau jirgi ta zo Nijar da kanta, ta ga zancen bai da tushe, ba ta buga ba. Sai dai mujallar tata ta riga ta miƙa kofin takardun ga ofishin jakadancin Amurka na Rum.

Nan ne abin ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne na fi so mai tambayata na Kore Mai Ruwa ya riƙe. Mukan ɗauka in babbar ƙasa ta yi kuskure irin wanga, rashin sani ne. A nan an sani. Ran 24 ga Satumba 2002 gwamnatin Tony Blair ta fitar da kundinta tana cewa Iraƙi ta nemi uraniyom daga Afirka. A watan Oktoba Bush zai yi jawabi a birnin Cincinnati, an sa zancen a ciki, shugaban CIA George Tenet da kansa ya sa baki anka cire, don hukumarsa ba ta yarda da shi ba. Ran 19 ga Disamba ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ambaci sunan Nijar ƙarara a wata takarda. Ran 28 ga Janairu 2003, a babban jawabinsa na shekara gaban majalisa, Bush ya maido da zancen da anka cire wata uku baya, cikin jimla guda mai kalma 16, amma wannan karo ya jingina shi ga Ingila, wai ita ta gano. Dabara ke nan irin ta mai gulma: ba ni na faɗa ba, wane ne ya ce.

Na tuna lokacin. Ina kolej, babanmu yana kunna rediyo bayan sallar isha'i, muna jin ana kiran sunan ƙasarmu tare da na Saddam. Tsofaffi sunka riƙa tambaya ko mu ma jirage za su zo mana.

Sai a farkon Fabrairu 2003 anka ba hukumar AIEA takardun, bayan ta daɗe tana roƙo. Mai binciken da ya duba su, wani Bafaranshe mai suna Jacques Baute, bai yi kwana yana wahala ba, awoyi kaɗan da intanet sunka ishe shi. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Alhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. A 2000 Nasiru Sabo ne minista. Tambarin da ke saman takardar na Majalisar Ƙoli ta Soja ne, ta zamanin Kunce da Ali Saibu, wadda anka rushe a 1989. Wasiƙar da anka ce Tanja ya rubuta tana kafa hujja da wani tsarin mulki na shekarun 1960, alhali a ƙarƙashin na 1999 anka zaɓe shi, sa hannun ma bai yi kama da nasa ba. Jama'a, wanga fa ba sai gwani ba. Da an nuna ma kowane mushen lakwal na Matankari ko Gesheme takardun nan, kafin ya gama kofin shayi ya ce na jabu ne. Ran 7 ga Maris 2003 Muhammad al-Baradai, shugaban AIEA, ya shaida ma Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Ran 20 ga Maris bama-bamai sunka fara sauka Bagadaza.

Kada in yi ƙari: Nijar ba ita kaɗai ce hujjar da anka kawo ba, akwai zancen makamai masu guba da wasu bututun ƙarfe, kuma Colin Powell, da ya je Kwamitin Sulhu ran 5 ga Fabrairu, ya ƙi sa zancen Nijar a jawabinsa. Amma tsoron bam ɗin nukiliya shi ya fi kama zuciyar talakan Amurka, kuma uraniyom ɗinmu ne itacen da anka hura wutar da shi. Mutanen Iraƙi dubban ɗaruruwa sun mutu, sojan Amurka kusan 4,500. Ayarin binciken da Amurka da kanta ta tura bayan yaƙi ya rubuta a 2004 cewa bai samu shaidar Iraƙi ta nemi uraniyom a waje ba tun bayan 1991.

Wilson ya yi ta kai kuka a ɓoye, ba wanda ya saurare shi. Ran 6 ga Yuli 2003 ya buga maƙala a jaridar New York Times ya faɗi abin da ya gani a Yamai da abin da bai gani ba. Washegari fadar White House ta amsa cewa bai kamata jimlar ta shiga jawabin ba, ran 11 ga wata Tenet ya ɗauki laifin. A Yamai firaminista Hama Amadu ya ce in Ingila tana da hujja ta fito da ita. Ran 14 ga Yuli wani ɗan jarida, Robert Novak, ya buga cewa matar Wilson ma'aikaciyar CIA ce.

Ku gane nauyin abin. Matar nan maƙwabtanta ma ba su san aikinta ba. Ta zauna Turai, ta yi aiki da sunan wani kamfani na bogi, Brewster Jennings, a matsayin mai ba da shawara kan makamashi. Mai irin wanga aiki in an kama shi a waje ba ya da rigar jakadanci da za ta kare shi. Ranar da sunanta ya fita, duk wanda ya taɓa shan kofi da ita a wata ƙasa ya shiga zargi wajen hukumomin ƙasarsa, kamfanin bogin ya tonu, aikin shekara da shekaru ya rushe. Sunan littafin nata, Fair Game, ma'anarsa naman dawa da anka halatta ma kowa farautarsa, kuma daga bakin wani na kusa da Bush anka ce kalmar ta fito a kanta. An yi bincike, an kulle ƴar jarida Judith Miller kwana 85 don ta ƙi faɗin wanda ya ba ta labari. Daga baya ta bayyana cewa Richard Armitage, mataimakin Powell, shi ya fara tsegunta ma Novak, kuma ba a gurfanar da shi ba. Mutum guda anka kama da laifi, Lewis Libby, shugaban ma'aikatan Cheney, a watan Maris na 2007, shi ma laifin ƙarya ga masu bincike da kawo ma shari'a cikas. An yanke mishi wata 30, Bush ya ɗauke mishi zaman kaso, Trump ya yafe mishi gaba ɗaya a 2018. Wilson ya rasu a watan Satumba na 2019.

In ka buɗe littafin Plame, abin da zai fara kama idonka shi ne layuka da anka shafe, wani wuri kalma biyu, wani wuri kusan shafi sukutum. Doka ce a can, duk wanda ya yi ma CIA aiki sai ya kai mata rubutunsa ta tace kafin a buga. Sun hana ta faɗin ko shekarar da ta shiga aiki, ba su yarda ta ambaci komi kafin 2002 ba, alhali shekarun aikin nata suna rubuce a kundin majalisa kowa na iya gani. Ta kai ƙara ta faɗi. Sai masu buga littafin sunka bar shafe-shafen yadda suke, sunka sa wata ƴar jarida, Laura Rozen, ta rubuta ƙarin bayani a ƙarshe daga abin da jaridu sunka riga sunka buga. Wato hukumar da ba ta iya kare sunanta ba ita ce ta toshe mata baki.

Ra'ayina a kan irin waɗanga littattafai, a karanta su amma da ido biyu. Kowa wanke kansa yake yi. Wilson ya fito jarumi a nasa, ko da yake rahoton majalisar dattawa na 2004 ya kama shi da tuntuɓe a wasu maganganun da ya yi ma ƴan jarida. Tenet ya fitar da nasa a 2007 yana nuna an ɗora mishi kayan da ba nasa kaɗai ba. Ingila kuwa, a rahoton Lord Butler na Yuli 2004, ta tsaya a kan cewa zarginta yana da tushe, tana dogara musamman da ziyarar nan ta 1999, wato zaman da Zahawi ya yi da Ba'are. Mutum guda da zai iya tashi ya ce ga abin da munka tattauna a ɗakin yana kwance a Dumega tun wata biyu bayan ziyarar. Hukumar FBI ta rufe bincikenta a 2005 tana cewa neman kuɗi ne ya sa anka ƙirƙiri takardun. Kuma a duk shafukan nan, Nijar fili ce kawai da baƙi ke wucewa ta ciki: zafi, ƙura, shayi, ministoci masu karamci. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da zargin ya jawo ma ƙasar da ke jiran tallafin waɗanda ke zarginta.

Zancen bai mutu ba. A watan Maris na 2024 wata tawagar Amurka ta zo Yamai, a cikin abubuwan da ta tayar har da zargin cinikin uraniyom da Iran. Ran 16 ga wata Kanal Amadu Abdurahaman ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar soja da Amurka, ya musanta zargin, kuma ya tuno ma duniya ƙaryar da anka yi ma gwamnatin Tanja. Kafin ƙarshen Satumba na shekarar sojan Amurka sun kwashe daga Yamai da Agadas. Kowa da yadda yake kallon wagga siyasa, ba ita na zo yi ba. Abin da na lura shi ne takardar jabu ta Rum, bayan shekara fiye da 20, har yanzu tana cikin lissafi.

Yanzu bari in juyo gida, don akwai abin da ke cizona. Mu ma muna da namu masu wanga aiki. Tun zamanin Jori Hamani akwai ofishin da ake kira BCL, wanda jama'a sunka fi sani da Kordinasiyo. Zamanin Kunce iyayenmu sukan rage murya in baƙon fuska ya zauna a majalisa. Mai riƙe da harkar, Amadu Umaru Bonkano, shi ne ya nemi kifar da maigidan nasa a watan Oktoba na 1983, lokacin da Kunce ya tafi taron Faransa da Afirka a Vittel, abin bai yi ba ya tsere. Amma mai son sanin yadda anka tafiyar da leƙen asiri a ƙasashenmu bayan ƴancin kai, yawanci sai ya koma ga Faransawa: hirarrakin Jacques Foccart da anka buga a 1995 da 1997, ko littafin Maurice Robert na 2004, mutumin da ya riƙe sashen Afirka na leƙen asirin Faransa, ya dasa jami'ansa kusa da sababbin shugabanninmu. A jiharmu ta Doso, marigayi Mumuni Adamu Jarmakwai ya yi abin a yaba, ya rubuta abin da ya gani a juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, anka buga a 2005. Irinsa ba su da yawa.

Ga shi yau aikin ya iso ƙofar gidanmu. A watan Yuni na 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man fetur a yankin Tibiri. Sunan Lakurawa ya zama abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa a ƙauyukan bakin iyaka. Akwai ƴaƴanmu da ke tattara rahoto dare da rana, suna auna wane ne na gaskiya, wane ne na mai jin haushin maƙwabcinsa a kan gona ko bashi. Aikin da ya gagari manyan Washinton da duk kuɗinsu, shi muka ɗora ma saurayi mai babur da waya guda. Ba na cewa su tona asirin aiki yau. Amma na da, na shekara 30 da 40 baya, masu shi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani dattijo a nan Dutsi, tsohon jandarma mai ritaya, wanda ya yi rakiyar motocin Arlit a ƙuruciyarsa, daga baya anka maida shi wani aikin da ba ya son a ambata. Sau uku ina zuwa gidansa da na'urar ɗaukar murya. In na aje ta cikin jaka, sai labari ya ɓalle har magariba. In na fito da ita, sai ya koma tambayata lafiyar babana da farashin hatsi. Zuwana na ƙarshe na ce mishi, Baba, to a ɗauka a aje, ba za a sa a iska ba sai da izininka ko na ɗiyanka. Ya yi shiru, ya ce in dawo bayan an gama girbi.

An gama girbi. Ran Asabar in sha Allah zan koma. Wanda kuma yake da uba ko kaka da ya tuƙa motocin nan, ko ya yi rakiyarsu, ko ya yi aikin kaki zamanin Jori da Kunce, kuma yana ganin zai yarda ya yi magana, ya aiko mini saƙo ta akwatin shafin ga. Sai mun haɗu a shiri na gaba.